Hannun Rigar Inna

Ni da reza na koyi ɗinki, ba da allura ba. Duk wanda na gaya wa haka sai ya yi dariya, sai na zaunar da shi na yi masa bayani. Babanmu aikin lodi yake yi a wurin da ake sauke dilolin gwanjo daga manyan kamiyo, can wajen duwan, ofishin ƴan kwastan. In dila ta fashe ko ruwa ya shige ta, akwai tufafin da ba mai saye, masu yaga da masu tabo, su ne ƴan lodi ke rabawa tsakaninsu. Baba sai ya zo da nasa rabon a buhu ya jefa a zaure ya ce a yi tsumma. Ni kuma sai in zazzage buhun, in tsince ƴan rigunan yara, in tafi gindin mangwaronmu da reza.

Ga yadda ake yi, don abin ba wuya. Za ka juya rigar baibai, ka nemi inda ɗinki ya ƙare, ka sa bakin reza ka tsinke zare ɗaya. Ɗaya tak. Sai ka ja a hankali, in ya cije ka ƙara tsinke wani. Kada ka yi gaggawa, in ka yanki yadin ka ɓata darasin. A haka riga za ta rabu gida-gida a gabanka: gaba, baya, wuya, hannu biyu. Ranar da na fara ganin hannun riga a shimfiɗe a ƙasa na daɗe ina kallonsa. Ashe kansa ba a miƙe yake ba, tudu gare shi kamar bayan kunkuru, kuma tudun nan shi ke zama a kafaɗa. Na ɗauke shi na bi gida ina nuna wa kowa, har da Baba da ke cin tuwo. Ya ce to, madalla, a bar shi ya ci abinci.

Daga nan sai in shimfiɗa kowane yanki a kan takardar siminti, in zagaye shi da gawayi, in yanke. Takardar ita ce ma'aunina. In za a yi wa yaro riga sai in ɗora ta a kan atamfa, in bi gefenta da guntun sabulu, don sabulu ya fi alli, yana fita da wanki kuma ba ya ƙarewa a gida. Kafin a jima na tara takardu cike da wani tsohon kwali, na ƴan mata daban, na maza daban, masu aljihu, masu tattara a ƙugu.

Keken ɗinkin na gwaggonmu ne da ta rasu, keken hannu, ya yi shekaru a ƙarƙashin gadon Inna. Ni na jawo shi, na goge, na ɗiga masa mai har ya yarda ya juya. Sai dai keken hannu yana cinye maka hannu ɗaya, ni kuwa ina son hannuwana biyu a kan yadi. Shi ya sa na kama ƙanwata, autar gidanmu, na ce ita za ta riƙa juya mini.

Auta ba ta son ɗinki. Wannan nake so ku riƙe, don shi ne abin da ya fi ci mini rai a duk labarin nan. Tana kolej, burinta ta zama ungozoma a gidan likita. In na kira ta sai ta zo tana jan ƙafa, ta zauna a ɗaya gefen keken, hannu ɗaya na juyawa, ɗayan na riƙe da muruci tana ɓarewa da haƙori. Ta yi mita, ta ce kafaɗarta za ta gurɗe, ta ce in na zama babbar tela in tuna da wadda ta yi mini aikin jaki. Ban taɓa ganin ta kalli allurar ba. Ni dai a sanina bango take kallo.

A gidanmu akwai babban wanmu, direba ne, rabin wata yana hanyar Doso da Yamai, matarsa da ƴaƴansa suna sashensu a cikin gida. Yaran nan su ne na fara koyo a jikinsu. Wando, ƴar shara, rigar lakwal, wato makaranta, duk ni. Babbar ɗiyarsa, wata ƴar firit mai hawan itace kamar biri, ita ta sa mini Tanti tela, sunan ya bi unguwa. In na bi ta layinmu yara na kira na da shi, sai in yi kamar ban ji ba, alhali har cikin ƙashina nake jin daɗi.

Sai wata ƙaramar Salla ta faɗo cikin damina, sauro ya yi mana yawa, masassara ta kwantar da ni ana saura ƴan kwanaki. Na gama na sauran yaran, na ɗiyar wanmu kaɗai ya rage, yadin na ninke ban ko sa masa almakashi ba. Ina kwance ina jin ƙarar keke daga tsakar gida, na ɗauka zazzaɓi ne ke yi mini kiɗa a kunne. Da na samu kaina na fito, sai ga yarinya a cikin sabuwar riga tana juyi.

Matar wanmu ce ta ba ni labari, tana yi tana dariya. Wai yarinyar ta yi ta kuka za a yi Salla ba ta da riga, Auta ta gaji da kukan, ta ce ta zo ta tsaya. Ta sa ta ɗaga hannu sama, ta sa ta tsuguna, ta sa ta yi tsalle. Ta kalle ta, ta ninke yadin huɗu, ta yanka. Na ce da wace takarda? Ta ce ba takarda, kwalina ko taɓa shi ba a yi ba. Ita matar wanmu ta juya keke, Auta ta ɗinke, kafin la'asar an gama.

Na kira yarinyar na ce ta tuɓe in gani. Na juya rigar baibai, na bi ta ɗinki-ɗinki kamar mai neman ƙwarƙwata. Na kuwa samu. Layin gefe ya karkace, a wani wuri ya yi ciki, a wani ya yi waje, bakin zare duk a sake ba a ƙulle ba. Wani sanyi ya sauka a zuciyata. Na ɗaga rigar ina nuna wa matar wanmu, na ce ta duba wannan aika-aika, ko makaho ba zai yi layi haka ba.

Ta ce, “To ai ba baibai za ta sa ta ba, Tanti tela.”

Yarinyar ta fizge rigarta ta mayar, ta haye mangwaro da ita. Ina tsaye a ƙasa ina kallo. Ta miƙa hannu ta kama reshe, rigar ba ta ɗage ba, ba ta shaƙe ta a hammata ba, ta bi jikinta kamar da ita aka haife ta. Na tuna wadda na yi mata a Sallar da ta wuce, mai leshi a wuya da aljihu biyu, wadda na kwana biyu a kanta. Ta sa ta an ɗauki hoto, ta ci naman Salla, ta tuɓe. Wannan kuwa ta ƙi rabuwa da ita. A wanke, ta tsaya gaban igiya tana jira ta bushe. Har ta koɗe tana sa ta.

Daga ranar na ce Auta ta bar mini kekena, zan juya da kaina. Na so ta ji zafi, ta roƙe ni, ko ta kai ƙara wurin Inna. Sai ta ce alhamdu lillahi, kafaɗarta ta huta, ta ɗauki kayenta na rubutu ta tafi bita wurin ƙawarta. Na zauna ina juyawa da dama ina tura yadi da hagu, layina na farko ya karkace kamar nata, na warware shi ina ƙunƙuni.

Magana kuma ta fita. Wata rana wata maƙwabciyarmu ta yi sallama da yadi a hannu, ta ce ina mai ɗinkin gidan nan. Na miƙe ina gyara ɗankwali. Ta ce a'a, ƙaramar take nufi, wadda ta yi wa ƴar direba riga. Na ce ta tafi lakwal. Ta ce za ta dawo. Na raka ta har zaure da fara'a, na dawo na zauna, abincin rana ma a ranar ban iya ci ba. Abin haushi, da Auta ta dawo aka gaya mata, cewa ta yi ita ba tela ba ce, a daina aiko mata mutane. Ni ina neman abu ido rufe, ita ana kawo mata har gida tana turewa da ƙafa.

Duk wannan mai sauƙi ne a kan maganar turmin Inna.

Inna ƴar Tunuga ce, can aka haife ta, can danginta suke, in ta haɗu da su Dandanci suke yi ba Hausa ba. Sai aka aiko cewa ɗan kawunmu, wato ɗan wan Inna, zai yi aure bayan an yanke shinkafa. Inna ita ce gwaggon ango, ita za a zuba wa ido, ita za ta karɓi baƙi. Ta shirya takanas ta shiga jirgin ruwa ta tsallaka Malanbil, ta wuni tana zaɓe, ta dawo da turmi ɗaya. Shuɗi ne mai duhu, da zanen ganye ruwan ɗorawa, in ka shafa shi yana da nauyi a hannu. Inna ba mai yawan sayen tufafi ba ce, na san ba za ta ƙara sayen irinsa nan kusa ba. Kuma na san duk matan Tunuga za su tambayi wanda ya ɗinka.

A raina ba wata tantama, nawa ne. Ai na taɓa yi mata riga. Na samu wata rigar mata a buhun Baba, mai dogon hannu siriri da maɓalli a wuyan hannu, na warware ta, na fitar da takarda, na yi wa Inna irinta sak. Ta sa ta sau ɗaya, ta sa mini albarka, ta ninke ta a akwati. Ni a tunanina don ta yi kyau da yawa ne take adana ta.

Amma Inna ta ajiye turmin a kan akwatinta. Kwana ya bi kwana ba ta ce kowa ya ɗauka ba. Na shiga neman fada. In share mata ɗaki tun ba ta ce ba, in dama mata fura, in zauna kusa da ita in buɗe waya ina nuna mata modal iri-iri na matan Kwatano. Forfe ɗina, kuɗin intanet na waya, duk a kan bidiyon ɗinki yake ƙarewa, wasu da Faransanci, wasu da yaren da ban ji, hannunsu kawai nake kallo. Inna ta duba ta ce to. Ta ƙara dubawa ta ce wannan ma to. In na shiga ɗakin sai na shafa turmin kafin in fito, a kaina na riga na yanka shi ya fi sau nawa. Auta kuwa ko launinsa ban tabbata ta sani ba.

Ranar wata Lahadi, an kira azahar, Inna ta ce mu zo ni da Auta. Muka fito tsakar gida, sai ga ta ta fito daga ɗaki sanye da rigar da na yi mata. Murna ta kama ni. Na kalli Auta ta gefen ido, na ce yau za a yi ta a gaban kowa. Rigar ta zauna mata, wuyan ya kwanta, layukan nan tsaf kamar an ja da zare.

Inna ta jawo kujera ƴar tsugunne, ta ɗauki buta ta zauna. Ta wanke tafin hannu, ta kurkure baki, ta shaƙa ruwa, ta wanke fuska. Da ta zo kan hannuwa sai ta ɓalle maɓallin dama, ta tura hannun rigar sama. Ya tafi kaɗan ya tsaya cak, bai kai gwiwar hannu ba. Ta ƙara turawa, yadin ya shaƙe mata nama har wurin ya yi fari. Ta bar shi, ta gwada na hagu, shi ma haka. Ta ajiye buta ta ɗago ta dube ni, ruwa na ɗiga daga haɓarta.

Ta ce a gidan kawu ranar biki ba masaka tsinke, ga surukai, ga maza na shige da fice, ɗakuna cike da baƙi. Ina za ta samu wurin tuɓe riga duk lokacin salla? Ta ce ranar da ta fara sa wannan sai da ta shiga ɗaki ta cire ta, ta ɗaura zane, ta yi alwala, ta dawo ta mayar.

“Ɗiyata, ɗinkinki ya fi na kowa tsabta,” in ji ta. “Amma matar da aka yi wa rigar da kika kwaikwaya ba ta alwala.”

Matar wanmu da ke wanke-wanke a bakin rijiya ta sunkuyar da kai, kafaɗunta na rawa. Na ce Inna ai gyara ne, sai in buɗa takardar, in ƙara faɗi, in cire maɓallin gaba ɗaya. Bakina na ta zuba, ni kaina ina jin muryata ta canza. Ta bari na gama. Ta ce turmi ɗaya gare ta, ba na gwaji ba ne. Auta za ta yanka riga ta ɗinka, ni in yi kalmasar zane da ɗankwali. Sai ta ƙara da kalmar mutanensu da take faɗa in ta san ta taɓa mutum, kala suru, wato sai haƙuri.

Kalmasa. Ninke baki ka bi layi miƙe, abin da nake ba yara su gwada a kan tsumma.

Ban gama haɗiye wannan ba Auta ta buɗe baki ta ce, “Inna, ni fa ina da debuwar ranar Talata.”

Da ba a gaban Inna muke ba, ban san abin da zan yi mata ba. An ɗauki abin da na yi wata ina mafarki an miƙa mata, ita kuma debuwar, ƴar jarrabawar lakwal, ce ta dame ta. Inna ta ce Talata za ta wuce, biki bai zo ba tukuna.

Da yamma na tare ta a bayan ɗaki tana wanke teninta, kayan sawa na lakwal. Na ce ta gaya mini gaskiya, ta san maganar hannun rigar nan tun da? Ta ce kowa ya sani, har Baba. Na ce shi ne ba wanda ya faɗa mini. Ta ce wa zai faɗa mini, ni da in an ce layina ya karkace sai in ƙi cin tuwo? Ta ci gaba da cuɗa wankinta. Na tsaya ina kallon bayan wuyanta, ƴar yarinyar da na goya, na rasa ta inda ta wuce ni.

Ranar yanka na ce ba zan kalla ba. Sai na ɗauko faranti na zauna tsintar shinkafa daidai inda zan ga komai. Nufina in kama sirrin, don na tabbata akwai shi, wata dabara ce ta gani a wani wuri ta ɓoye. Auta ta shimfiɗa tabarma, ta aiko ɗiyar wanmu ta karɓi almakashina, nawa, wanda ba na bari a yanka ko takarda da shi. Na bayar. Ta sa Inna ta tsaya. Ta ce ta yi kamar tana daka. Inna ta yi, tana dariya. Ta ce ta yi kamar tana ɗora tulu a kai, ta yi ruku'u, ta miƙa hannu baya kamar za ta gyara goyo. Auta na tsaye da rake a baki tana tsotsa, kanta a karkace. Ba metir na awo, ba igiya. Sau ɗaya ta matsa ta dafa kafaɗar Inna da tafin hannu, ta dawo ta dafa yadin. Shi ke nan. Ta ninke, ta durƙusa, almakashi ya shiga shuɗin nan yana ƙara, ni kuma kamar a cikina ake yankawa.

Shinkafar da na tsince ranar sai da Inna ta sake tsince ta.

Na kasa daurewa na tambaye ta yadda ta san inda za ta lanƙwasa hammata. Ta ce ba ta sani ba. Na ce kada ta raina mini hankali. Ta ce wallahi, Yaya, ita gani kawai take yi, in mutum ya motsa sai ta ga inda riga za ta ja shi, sai ta bar wuri a nan. Ta faɗe shi kamar mai cewa ruwa na jiƙa. Da ɓoyewa take yi da ya fi mini sauƙi, sai in bi ta in sace. Wannan ba abin da zan sata.

Ta haɗa jiki da hannuwa, matar wanmu na juya mata keke suna hirar wani fim. Da aka zo wuya sai ta gaji. Ta kawo mini rigar har inda nake ta ajiye a cinyata, ta ce Yaya ki sa mata shafin wuya, ni abin nan yana ba ni ciwon kai. Na so in ce ta je ta ƙarasa abinta tunda ita ce gwana. Amma yadin na cinyata, nauyinsa, ƙamshin sabon turmi. Na karɓa. Na yanka shafin, na kwantar da shi, na bi shi da allurar hannu ƙanana-ƙanana yadda ko ɗigo ba zai fito ta waje ba. Ban taɓa yin aiki mai kyau kamarsa ba, kuma a ciki yake, inda ba mai gani sai fatar Inna. Na ƙulle mata duk bakin zaren da ta bari a sake. Na yi kalmasata.

Muka tafi Tunuga ana gobe ɗaurin aure, a bayan wata mota da buhunan masara. An yanke shinkafa, fadama ta yi fili, shanu na kiwo a cikin kututture. Gidan kawu kuwa kamar yadda Inna ta faɗa, ba wurin sa ƙafa, ga hayaƙin kifi, ga tukwane jere a bakin danga. Da safe Inna ta fito cikin shuɗinta. Ba zan yi ƙarya ba, ta yi kyau har na ji ƙwalla. Hannun rigar ya sauko yalwatacce, in ta ɗaga hannu tana gaisawa sai ya zame da kansa, in ta sauke ya koma. Tana raba goro, tana ɗaukar jarirai, tana leƙa tukunya, rigar na bin ta.

Da aka kira azahar mata suka jeru a bayan rumfa da butoci. Inna ta tsuguna a cikinsu, ta ture hannun riga da yatsa ɗaya ya haye har kafaɗa. Wata tsohuwa kusa da ita, da ke fama da nata hannun, ta tsaya tana kallo. Bayan salla suka kewaye ta, wannan ta ja hannun, wannan ta shafa wuyan. Dandancina ba shi da ƙarfi amma na ji tambayar, na kuma ji amsar. Inna ta nuna Auta da haɓa, ta ce autarta ce. Ina tsaye a bayanta da kwanon ruwa a hannu. Matar da ke shafa wuyan, yatsanta a kan aikina yake, tana cewa kai, yarinya ƙarama da hannu haka. Na jira Inna ta ƙara ko kalma ɗaya. Aka kira ta wajen tukwane ta tafi.

Ita kuwa gwanar tana can gindin giginya da ƴan matan gidan suna kallon waya, ba ta ma san ana yi ba.

Washegari muna shirin komawa, matar kawu ta fito da yadi a leda, kore mai ratsin fari, ta ce a kira mata Auta. Ta ce irin ta Inna take so, ba ƙari ba ragi. Auta ta sosa kai ta ce ita jarrabawa ta matso, ba ta da lokaci.

“Ku ba Yaya,” in ji ta. “Ita ce mai son abin.”

Matar kawu ta juyo ta dube ni tun daga kai har ƙafa, ledar na hannunta ba ta miƙo ba. Ta dubi Inna. Inna ta ce ki ba ta, ɗinkinta ba ya warwarewa. Sannan matar kawu ta miƙo, tana cewa to, amma dai ƙaramar ta riƙa dubawa. Na sa hannu biyu na karɓa, na ce in sha Allahu za ta ji daɗinsa. A mota Auta ta yi barci a kafaɗata tun kafin mu fita gari, bakinta a buɗe. Ledar na cinyata. Ragowar da Auta ta ture ce, na sani, kuma na riƙe ta gam har muka iso gida Gaya.

Yadin ya yi kwanaki ban taɓa shi ba. Kwalin takarduna na tura shi ƙarƙashin gado, don na rantse wannan karon ba gwanjon da zai yi mini jagora. Wata safiya na roƙi Inna ta tsaya mini, tunda jikinsu ɗaya da matar kawu, ko kusan haka. Na ce ta yi daka, ta yi. Ta ɗora tulu, ta yi ruku'u. Na zuba ido har idona ya yi ruwa. Wani abu na gani, kaɗan, wajen hammata, ko kuma so nake in gani, ban tabbata ba. Na durƙusa na ja layi da sabulu, na goge, na sake ja. Inna ta ce ƙafarta ta fara tsami.

Sai ga Auta ta fito cikin teni za ta lakwal, jaka a kafaɗa, ƙosai a hannu. Ba ta tsaya ba. Ta dai kalli tabarmar tana wucewa.

“Ƙara yatsa biyu a kafaɗa, Yaya. Matar kawu ta fi Inna faɗi.”

Na ce ban tambaye ta ba, ta wuce ta tafi kada mushe, malaminsu, ya rufe ƙofa. Ta ce to, ta fice tana tauna. Inna ta kalli sama kamar mai duba hadari. Na zauna da sabulu a hannu ina sauraren takunta a zaure, na ji ta gaisa da Baba, na ji ƙyauren ya rufe. Na ƙara jira kaɗan, ko za ta dawo ɗaukar wani abu da ta manta. Sannan na lashi yatsa na goge layin kafaɗar, na ƙara yatsa biyu.